Mazan da Gonar Eikelbrink Ta Raɗa wa Suna

Alfons Eikelbrink yana da aladu ɗari huɗu, da 'ya ɗaya, da sunan gidan da yake cewa ya girmi cocin ƙauyen. 'Yar tasa, Mechthild, ita ke riƙe da gonar shekara goma sha ɗaya. Duk da haka ya ce ɗan ƙanensa zai bar wa gonar, wani dillalin inshora a birnin Münster wanda bai taɓa sa takalmin aikin gona ba.

"Shi Eikelbrink ne," in ji tsohon. "Ke kuwa kin je kin kwaso mana miji mai suna Kaczmarek."

"Baba, Kaczmarek ɗin ne fa ke ciyar maka da aladu."

"Aladu ba sa karanta sunan da ke allon ƙofa."

Don ya rufe bakin kowa, ya sa wata mata, Frau Lütke, mai kula da tsofaffin littattafan coci, ta binciko masa salsala. Ya tara dangi ranar Lahadi, aka zuba kofi, aka yanka kek. Bai ga dalilin fara duba takardar ba, tunda ya riga ya san abin da ke ciki.

Frau Lütke ta gyara tabarau. A 1711 mai gonar ya mutu, matarsa ta auri baransu, baran ya koma Eikelbrink. A 1768 babu ɗa namiji, 'yar gidan ta auri wani tela mai yawo ƙauye-ƙauye, shi ma ya koma Eikelbrink. A 1809 aka sake.

"Haka ake yi a nan, Herr Eikelbrink," ta ce. "Sunan na gona ne. Wanda ya shigo shi ke ɗauka. Mazan kawai ake sauyawa."

"To shi telan, meye sunansa na ainihi?" Mechthild ta tambaya.

"Limamin cocin bai ga amfanin rubutawa ba."

Ɗan ƙanen ya duba agogonsa. Alfons ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu sukari, sannan ya waiwayi surukinsa.

"Kai, Dirk! Shekara nawa kana kwana a gidan nan da wannan suna mai karya haƙori? Gobe ka je ofishin rajista ka koma Eikelbrink. Mu ba mu wasa da al'ada."

A watan Mayu aka mayar da gonar hannun Mechthild. Takardar salsalar tana rataye a zaure cikin gilashi, kuma Alfons kan gaya wa baƙi cewa dama ya sani. Kwat ɗinsa yana rataye kusa da ita, ya rufe daidai wurin telan.