Kazar Ɗorin Tawfiq

Baba Inoussa ya tsufa yana jan babbar mota tsakanin Lome da Yamai, kuma tun da ido ya raba shi da tuƙi bai bar kowa ya manta ba. Kullum bayan la'asar sai ya baje a kan benci a bakin garejin Zongo da ke Lome, shi da tsofaffin direbobi irinsa, su hau yaran zamani da suka. A wajensu yaron yanzu wayarsa ce mai ƙwaƙwalwa, shi kuwa kai ne kawai aka ɗora a wuya. Babbar 'yarsa Hasanatu, mai sayar da gwanjo a kasuwar Hédzranawoé, ta ji wannan karatu har ta haddace.

Wanda ya fi shan suka a bencin nan shi ne ƙanenta Tawfiq, mai haya da babur, ɗan zemijan. Laifinsa hular kwano. Ko nan da Avédji zai kai mutum sai ya saka ta, ga tsayawa a jar wuta kamar wanda aka ɗaure.

"Ku dubi ɗana da tukunya a ka," in ji uban. "Mu a shekarunshi kan lodi muke barci mota na gudu. In an iso gari dirowa muke yi, wa ya san tsani?"

Wata Juma'a motar albasa ta iso daga Nijar, Tawfiq ya hau ya taya abokinsa kwance tampol. Hasanatu ta kawo wa uban abinci, don haka a gabanta aka yi. Yana ɗora ƙafa a kan tsanin saukowa Baba Inoussa ya ɗaga murya.

"Ku riƙe ma amarya tsani kar ta faɗi!"

Benci ya ɗauki dariya har da masu tari. Tawfiq ya tsaya ya dubi ubansa, ya janye ƙafarsa daga tsanin, ya diro. Ƙarar da Hasanatu ta ji irin ta karya rake ce. Ko da ta isa kansa, ƙashi ya huda fata ya leƙo.

"Baba, mu kai shi lopital a yi mishi radiyo!" in ji ta, tana nufin asibiti da hoton ƙashi.

"Radiyo? Ƙashin da Allah Ya sa cikin nama sai an ɗauke shi hoto? Can zarto ke jiranshi. A kira mini Aboubakar maɗori."

Tawfiq yana kwance yana cizon leɓe ya ce, "Baba, karayar da ta fito waje ruɓewa take yi."

"Wayarka ta gaya maka?" in ji uban, ya sa aka kinkime shi zuwa gida.

Aboubakar ya zo da karare da tsumma da baƙin magani, ya ce a kawo kaza. Al'adar aikinsa ke nan: ya karya ƙafar kazar, ya ɗora ta, sannan ya ja ƙafar majinyaci ya ɗaure da magani iri ɗaya. Ranar da kaza ta taka, mai karaya ma zai taka. Aka ɗaure ta a gindin gadon Tawfiq, aka ɗora wa Hasanatu ciyar da ita. Baba Inoussa da kansa ya ɗauko hular kwanon ya zuba ruwa a ciki ya ajiye mata, ya ce yau dai tukunyar ta yi amfani.

Kaza kam ta samu lafiya, sai ci take yi tana ƙiba. Ƙafar Tawfiq ta kumbura, yatsun suka yi baƙi, ɗakin ya soma warin da turaren wuta ya kasa kashewa. Hasanatu ta yi magana, uban ya ce mugun jini ne ke fita. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne 'yan dubiya. Tsofaffin nan sai su shigo su tsuguna su duba ƙafar kaza, su ce madalla, su fita suna toshe hanci.

Da safen da kazar ta tsinke igiya ta ratsa tsakar gida a guje, Baba Inoussa yana ta kabbara, Tawfiq kuwa zazzaɓi ya hana shi gane yayarsa. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta kira abokansa 'yan zemijan suka saka shi a tasi. A asibiti likita ya rufe ta da faɗa, yana tambayar inda hankalinta yake tun tuni. Sama da gwiwa aka yanke ƙafar.

Kafin a sallamo shi benci ya gama shari'a. Wane mai hankali ne zai diro daga kan lodi don an yi masa wasa? Yaran yanzu ke nan, ba tunani. Ita kuma Hasanatu, da ta yi haƙuri ta bar wa Aboubakar aikinsa, da ba ta kai ƙanenta an sare ba. Ubanta ne ya faɗa, mutane suka kawo mata har rumfa.

Baƙin ciki ya hana ta kuka. Ta sa aka yanka kazar, ta yi farfesu, ta ɗora ɗorarriyar ƙafar a sama, ta kai masa har benci. So take ya gane ta, loma ta tsaya masa a wuya gaban abokansa.

Ya kuwa gane ta. Ya cinye naman tas, ya tsotse ƙashin, ya shafa ƙullin da ya fito a wurin karayar, sai fuskarsa ta washe.

"Ku duba nan! Ɗori ya kama daram. Aikin manya ke nan, yaron ne bai da jiki."

Ƙashin ya bi hannu hannu, kowa yana shafawa yana jinjina kai. Da ya dawo gare shi ya goge shi da gefen riga ya jefa a aljihu, sannan ya miƙo wa Hasanatu kwanon.

"Akwai sauran romo?"