Hannun Weston Ko Kan Dunaway

Shekara uku na yi ina kallon Weston Tarpley a kife. Aikina ke nan. A ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka ni ne na tsakiya a layin gaba, wanda yake sunkuyawa ya wurga ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa zuwa hannun mai jifa, sannan ya miƙe ya tare ƙattin da suke neman niƙe shi. Don haka na san fuskar Weston ta ƙasa fiye da yadda uwarsa ta san ta ta sama. Na san ranar da yake jin tsoro, na san ranar da ya gaji. A shekararmu ta ƙarshe a jami'ar Caprock da ke Texas kullum a gajiye yake, kuma ba gudu ne ya gajiyar da shi ba, surutun mutane ne.

Ga yadda muke wasa a hannun Koci Dunaway. Sauran ƙungiyoyi sukan haɗa kai a tsakiyar fili, mai jifa ya faɗa wa kowa inda zai gudu. Mu ba ma yin wannan. Jeruwa muke yi a guje, mu sunkuya kamar za a fara, sai Weston ya dakata. Da ya dakata, mu goma sha ɗayan nan sai mu juya kai mu kalli bakin fili. Kafin nan Dunaway ya gama karanta yadda abokan karawa suka tsaya. Ya shafa hula, ya ja kunne, ya bugi cinya, shi ke nan kowa ya san aikinsa, Weston ma ya san wanda zai jefa wa. Mahaifiyata ta zo kallo sau ɗaya, ta ce mun yi mata kama da shanu sun ji ƙarar motar ciyawa.

Da wannan tsarin Weston ya yi jifan da babu wanda ya taɓa yi a makarantar. Matsalar ita ce, waɗanda suka riƙe gurbin kafin shi su ma haka aka faɗa a kansu. Ɗaya yanzu motoci yake sayarwa a Lubbock, ɗaya yana yawon inshora gida gida, ɗaya kuma yana koya wa yaran sakandare motsa jiki. Babu ko ɗaya da ya yi kwana mai tsawo a wajen ƙwararru. Saboda haka kowace Litinin mai shirin wasanni na rediyon garinmu yana da abin taunawa.

"Ku daina ruɗin kanku, jama'a," in ji shi wata safiya, muna cikin motar Weston muna cin burodin wake da ƙwai da mahaifiyata ta naɗo mana. "Yaron kirki ne, na san babansa, auduga yake nomawa. Amma ko kakata ka ɗora wa hular kwano ka saka ta a tsarin Dunaway, sai ta cika jarida."

Na kai hannu zan kashe. Weston ya buge min hannu.

"Bar shi ya gama."

"Mutumin da bai taɓa gudu ba sai in an ce abinci ya ƙare? Shi kake saurara?"

"Kai ma ai haka kake, Chato."

"Ni aƙalla ana biya min karatu don ƙiba. Shi kyauta yake yi."

Ya yi murmushi kaɗan, amma bai kashe ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan game da Weston. Da zai yi fushi ya zagi mutumin da na ji daɗi. Shi sauraro yake yi a natse, kamar ɗalibin da yake zargin malamin yana da gaskiya.

A farkon Disamba, saura wasa ɗaya tak, na kofin ƙarshen shekara a Louisiana, sai Dunaway ya tara mu a ɗakin ɗaga ƙarfe. Ya ce mu iyalinsa ne. Ya yi hawaye, kuma na yarda na gaskiya ne. Kafin mu gama wanka jirgin wata babbar jami'a da ta ɗauke shi aiki ya ɗaga da shi, da mataimakansa duka. Haka ake yi kowace shekara, a ko'ina, ba shi ya fara ba. Aka bar mana Koci Purvis, tsohon da yake horar da masu tsaro, wanda bai san ko jan kunne yana nufin gudu ko tsayawa ba.

A wannan makon wakilin Weston, mai nema masa gurbi a wajen ƙwararru, ya kira shi. Da yamma ya same ni a ɗaki ya zauna a bakin gadona.

"Ya ce kar in buga."

"Saboda me?"

"Ya ce masu neman 'yan wasa na ƙwararru za su zo. Yanzu shakka kawai suke yi. In na buga na yi shirme, shakkar ta zama tabbas. In na zauna, wata ƙungiya za ta ɗauke ni ko don gwaji."

"To ai ya faɗa maka gaskiya. Ka ce cinyarka tana ciwo. Kowa yana yi."

"Chato, tun ina ɗan shekara sha takwas ban taɓa jefa ƙwallo a wasa ba sai da mutumin nan ya ja kunnensa. Ni kaina ban sani ba. Ka gane? Ba su kaɗai suke tambaya ba."

Na gane, kuma na ji tausayinsa, amma na so ya zauna. Ni dai na riga na san wasan nan shi ne na ƙarshe a wurina, gwiwoyina sun gama faɗa min. Shi kuwa yana da ƙofa a buɗe, ga shi yana so ya sa ƙafa ya gwada ƙarfin marfinta.

Koci Purvis bai ɓoye komai ba. Ranar farko ya tofar da cingam ya ce, "Tarpley, ni rayuwata duka na ƙare ta wajen koya wa yara yadda ake kayar da irinka. Ban san yadda ake taimakonka ba. Ku haɗa kai kamar yadda kakanninku suka yi, kai ka kira abin da ka ga dama."

"To, Koci."

"Kuma kar wanda ya kalle ni. In kun kalle ni, tsoho kawai za ku gani."

Muka yi dariya. Makonnin da suka rage muka yi ta koyon abin da yaran firamare suka iya: mu zagaye mai jifa, mu yi shiru, mu ji bakinsa. Da farko abin kunya ne. Muryar Weston ma ba ta fita, sai da ya sha ruwan zafi da zuma kamar mawaƙin coci. Amma a hankali muka saba, har na fara tunanin wataƙila yaron nan ya san abin da yake yi.

Ranar wasa da tsakar rana aka fara, ga sanyi mai ɗanshi, rabin kujerun babu kowa. Masu neman 'yan wasan suna can sama bayan gilashi da kofunan kofi. Zagayen farko Weston ya yi ta lalube, har ya miƙa wa abokan karawa ƙwallo ɗaya a hannu. Bayan hutu ya dawo daidai. Ba zan yi ƙarya in ce ya zama wani aljani ba. Ya yi kyau, ya yi kuskure, ya sake yin kyau, kamar kowane mai jifa na gaske. Wanda yake so ya yarda da shi zai sami hujja, wanda ba ya so shi ma zai samu.

Aka zo minti na ƙarshe suna gabanmu da maki huɗu. Dole sai mun kai ƙwallo gidansu can ƙarshen fili, bugun ƙafa mai maki uku ba zai ishe mu ba. Weston ya kawo mu kusa da jifa biyu masu kyau, amma agogo yana tafiya, kuma mun cinye damar tsayar da shi. Babu lokacin haɗa kai. Ya daka tsawa ya kira dabarar da muka tanada, muka jeru a guje, na sunkuya na kama ƙwallo.

A dabarar da ya kira, Kendrell, mai cafkarmu na can ƙarshen hagu, zai ɗan yi gaba ne ya juyo ya tsaya. Na leƙa ta tsakanin ƙafafuna na ga Weston ya ɗaga hannu zai tafa min in wurga. Sai ya dakata.

Ya ga wani abu. Mai tsaronsu na can baya ya fara satar taku yana matsowa, zai faɗo mana ta tsakiya. Ke nan kusurwar hagu ta gidansu babu kowa. Idon Weston ya buɗe, gajiyar nan ta ɓace daga fuskarsa. Bai kalli Kendrell ba, don kar ya tona asiri. Ya sauke hannun hagu bayan ƙugunsa ya yi masa alamar da suka shirya: kar ka tsaya, wuce kusurwa. Ya kuma faɗi kalmar da baki, da iya ƙarfin muryarsa. Ni na ji.

Na karkata kai hagu. Abin da na hango na Kendrell shi ne bayan hularsa.

Shekara uku, duk lokacin da Weston ya dakata, wuyan Kendrell ya san inda zai juya. Ba tunani ya yi ba, jikinsa ne ya yi masa. Ba shi kaɗai ba ma, rabin layin sun juya. Suna kallon bakin fili, inda Purvis yake tsaye ya harɗe hannu yana taunar cingam. Ihun 'yan kallo ya haɗiye muryar Weston. Agogo ya kusa ƙarewa. Ya tafa, na wurga.

Mai tsaron ya faɗo kamar yadda Weston ya hango, na tare shi da kafaɗa. Ta saman kaina na ga ƙwallon ta tashi. Ban taɓa ganin jifa mai kyau irinta ba, a hannunsa ko a hannun wani. Ta yi sama a natse, ta lanƙwasa, ta sauka a daidai kusurwar, a kan ciyawa. Babu ɗan Adam kusa da ita. Kendrell yana can baya inda dabarar farko ta ce ya tsaya, ya buɗe hannuwa yana jira.

Wani a cikin 'yan kallo ya fashe da dariya, har ƙasa na ji ta.

A ɗakin sauya kaya Kendrell ya zo da hula a hannu, idonsa ja.

"Wes, sun ce ka yi min alama. Na rantse ban gani ba. Bari in je in faɗa musu."

"Ka faɗa wa wa?"

"'Yan jarida. Kowa."

"Kana da shekara guda a gaba, da sabon koci da bai san ka ba. So kake abin da zai fara ji a kanka shi ne ba ka kallon mai jifa? Je ka yi wanka, kana wari."

A wajenmu mai jifa ba ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Tun muna yara haka ake koya mana, kuma wanda ya karya wannan, ko ya iya jifa kamar me, babu layin da zai ƙara tare masa kowa da zuciya ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofa lokacin da 'yan jarida suka yi wa Weston ca. Wata ta tambaye shi me ya gani a jifan ƙarshe.

"Laifina ne, ranki ya daɗe," in ji shi. "Ban karanta su daidai ba."

Suka rubuta, suna gyaɗa kai. Abin da suka zo ji ke nan tun daga gida. A watan Afrilu, lokacin da ƙwararru suke zaɓen sababbin 'yan wasa, babu ƙungiyar da ta kira sunansa. Ni a ranar ban san haka za ta kasance ba, amma ina jin shi ya sani tun kafin ya rufe bakinsa.

La'asar muka shiga bas. Kowa ya sa abin kunne ya yi lamo. Weston ya zauna ta taga, na cika sauran kujerar da rabin hanya. Mun wuce gari, mun shiga cikin itatuwa, sannan na kasa haƙuri.

"Na gani fa."

"Ka ga me?"

"Mai tsaron. Alamarka. Duka. Kai ka hango shi, Wes, babu wanda ya ja maka kunne. Da Kendrell ya juyo da yanzu mai rediyon can yana lashe amansa. Su faɗi abin da za su faɗa, amma kai ka samu amsarka."

Na zaci zai ji daɗi. Sai ya jefo min tambaya, idonsa a waje.

"Ka san me ya sa na kalli ƙafafun mai tsaron?"

"Saboda kana da ido."

"Shekarata ta farko, Dunaway ya zaunar da ni a ɗakin kallon faifai. Ya tsayar da hoto, ya ɗora yatsa a kan ƙafar wani mai tsaro. Ya ce in ka ga diddige ya tashi haka, kusurwa a buɗe take. Ya maimaita min har na fara mafarkinsa." Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Da na dakata ɗazu, muryarsa na ji, Chato. Kamar yana tsaye a bayana."

"To ai kowa koya masa aka yi."

"Na sani. Na zo nan ne in ga abin da zai rage in an cire shi. Ban san ta inda ake cirewa ba."

Ya naɗe rigar sanyinsa ya tura tsakanin kansa da gilashi, ya rufe ido.

"In mun shiga Texas ka tashe ni," in ji shi.