Sanda a Kafaɗar Saje Ɗanladi

Duk wanda ya san Saje Ɗanladi ya san ba a gaya masa magana sau biyu. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, da aka dawo mulkin farar hula kuma sai aka ɗauke shi mai riƙon sandan majalisar jiha. Aikin ba wuya. Ya saɓa sandan a kafaɗa, ya shigo gaban Kakaki, kowa ya miƙe tsaye, ya ɗora shi kan teburi, sannan a zauna a buɗe zama. Muddin sanda bai sauka ba, ba mai zama, ba mai fita. Shekara huɗu yana wannan, ko tuntuɓe bai taɓa yi ba.

'Yan majalisar kuwa, Allah ya sani yana son su, irin son da ake yi wa 'ya'yan maƙwabta masu ƙiriniya. Ya ga ranar da suka jefi juna da huluna, sannan da azahar suka jeru sahu ɗaya, wannan yana gyara wa wancan wuyan riga.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne magudanar ruwan Kambarawa, unguwarsu. Bara ruwa ya ci katangar ɗakin matarsa Mairo, da ƙyar aka zaro ta ta taga. Ba wanda ya ƙi a yi magudanar. Rigimar duk a kan sunan wanda za a rubuta a saman ƙudurin ce. Honorabul Tanko, jagoran 'yan adawa, ya ce shi ya fara kawowa. Honorabul Babaji, jagoran masu rinjaye, ya rantse Tanko ba zai shiga gidan rediyo yana tinƙaho da ita ba. Zaɓe ya zo ya wuce, su biyun duk sun sha ƙasa, amma ko a jikinsu, suna nan kan bakansu.

Ranar zaman ƙarshe ta zo, ga hadari kullum yana leƙowa daga gabas. In ƙudurin bai wuce yau ba ya mutu tare da majalisar, sababbi kuma sai sun faro daga tushe. Da safe Ɗanladi yana goge sanda ya ji ana shirya abin a bayan ƙofa: sanda na sauka 'yan adawa za su fice kan rigimar sunan, waɗanda suka rage ba za su kai adadin da doka ta yarda a yi zama da shi ba, Kakaki ya rufe, kowa ya kama gabansa. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Ya shigo kamar kullum, takunsa ɗai-ɗai. Ya iso gaban teburi ya ƙame, sanda a kafaɗa.

Aka yi minti ɗaya, aka yi biyu. Kakaki ya yi gyaran murya, ya ce ƙasa-ƙasa, “Saje, lahiya? Aje mana.”

“Ranka ya daɗe, ba ni iyawa.”

“Mi ya samu hannun?”

“Hannu lahiya lau. In na aje, waɗanga su hita, waɗancan su yi masu ihu, ni kau in koma Kambarawa in zauna jiran ruwa. Ku gama maganarku a tsaye, sai in aje.”

Zauren ya rikice. Wani ya ce a ƙwace, amma wa zai taɓa sanda alhali shekara huɗu suna zagin majalisun da aka yi haka a cikinsu? Wani ya ce a fita, sai ya tuna fita kafin a buɗe zama ba ƙauracewa ba ce, rashin zuwa za a rubuta masa, 'yan jarida kuma suna sama suna kallo. Ga wuta an ɗauke, fanka ta tsaya. Manyan mutane cikin manyan riguna suka dinga sauya ƙafa kamar 'yan firamare a filin taro.

Sandan ba wasa ba ne wajen nauyi, Saje kuma ya ba sittin baya. Wajen minti arba'in ya fara tangaɗi, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Tsoro ma ya ji, don tun da yake bai taɓa ƙin umarni ba, ya kuma san aikin ya tafi ke nan.

Babaji ne ya fara karaya. Ya dubi Tanko ya ce, “Kai, dattijon ga hwaɗuwa za ya yi.”

“To cire sunanka.”

“Kai ma cire naka.”

“Na cire! A rubuta mutanen Kambarawa, kowa ya huta.”

Kakaki bai jira su sake tunani ba, ya ce Saje ya ji dai da kunnensa. Ɗanladi ya yunƙura zai sauke, kafaɗar ta ƙi, ta sandare. Sai da akawun majalisa ya tallafe masa gwiwar hannu sannan sandan ya kwanta. Ƙudurin da ya shekara yana yawo ya wuce cikin minti shida. Daga nan Tanko ya miƙe ya nemi a dakatar da Saje saboda ƙin bin umarni, Babaji ya goya masa baya, suna yi suna ƙunshe dariya. Da aka tashi, su biyun suka yi ta gardamar motar wa za ta kai shi gida, har ya gaji ya hau acaɓa.

Ya tarar da Mairo a ƙofar gida da shebur, tana cika buhuna da yashi tana jerawa jikin sabuwar katanga.

“Sun yarda,” ya ce. “Aiki dai sun karɓe, amma sun yarda.”

Ta dafa shebur ta dube shi. “Bana za a yi?”

“Bana sai buhu. Baɗi, in Allah ya kai mu.”

Ya sunkuya zai ɗauki buhu ɗaya, hannun ya ƙi ɗaguwa. Mairo ta ture shi a hankali ya zauna kan dakali.

“Zamna, Malam,” ta ce. “Ka ɗauki naka yau.”