Ƙwaryar da Kulu Ta Roƙa

"Ki hwaɗa mata ba ni zuwa," in ji Kubura, ba ta ko ɗago kai ba. Ƙwarya na bisa cinyarta, tana bin bakinta da ƙarfen zane mai zafi, hayaƙi na shigar mata ido.

Fadimatu, matar ɗan maƙwabciyarta Kulu, ta ƙara leƙowa ta kan katanga. "Haba Inna Kubura, jikin hwa ya yi tsanani. Tun sahe sunanki take kira."

"Ranar da Malam Sada ya zo, sunan wa ta kira?"

Fadimatu ta sauke kai. Duk unguwar nan ta Kankia ba wanda bai san zancen ba. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka hau kan gwamnati, har ta tuna akwai masu sana'ar hannu a ƙauye. Aka turo Malam Sada daga Kaduna cikin Landiroba, ya zaɓo gwanaye a ba su tallafi. Ranar Kubura tana Yashe wajen sunan jikarta, ƙorenta kuwa ta bar su a gidan Kulu don a kai mata kasuwa. Sada ya shiga, ya tsallake na Kulu, ya ɗauki na Kubura yana juyawa, ya ce, "Hajiya, wannan hannunki ne?" Kulu ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Murmushi kawai ta yi, murmushin nan kuwa ya zame mata rufin kwano da gadon ƙarfe da hoto a Kaduna.

Kubura ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta toshe ƙofar da ke tsakanin gidajensu da laka, ta daina amsa gaisuwa. Sana'ar ma ta soma mutuwa, don hatta matan Fulani masu tallan nono sun koma kwanon langa, manoma kuma sun rage shuka duma. Da ƙyar ta samo wannan babbar ƙwarya a Fakuwa. Tun kaka take kanta, saboda an ce Sada zai dawo ya zaɓi kayan da za a kai babban biki a Legas, gobe kuwa ita ce ranar. Wannan karon da hannunta za ta miƙa, ya ji sunanta daga bakinta.

Bayan la'asar ta shiga gidan Kulu, ba don tausayi ba, don kada bakin unguwa ya hau kanta. Ta tarar da ita kwance ta ƙare, sai idanu. Kwanonin langa jere a bayanta har kusa da rufi, ko ƙwarya guda babu a ɗakin.

"Kin zo, Kubura."

"An ce in zo."

"An ce kina zana wata babbar ƙwarya."

"Ashe kunnen bai yi ciwo ba."

Kulu ta yi tari mai tsawo, Fadimatu ta riƙe mata kai. Da numfashi ya dawo ta ce, "Da ita nike so a yi mani wanka."

Kubura ta ji jini ya hau mata kai. Ƙwaryar da aka wanke mamaci da ita fasa ta ake yi, a binne a ramin ruwan wankan, kowace mace a ɗakin ta san haka.

"Ga kwanoni nan na gwamnati," ta ce. "A wanke ki da su."

"Ba a wanke uwata da langa ba."

"Kin san Sada gobe za shi zo?"

"Na sani." Kulu ta lumshe ido. "Duk Kankia har Kusada ba mai hannunki. Ni dai na san zane."

"Wagga magana Sada ya kamata ki hwaɗa ma, ba ni ba."

Ta tsaya tana jira ko Kulu za ta ce a gaban mutane, zanen nan na Kubura ne, na ci amanarta. Kulu ta juya fuska bango. Kubura ta fito. Wace irin mace ce wannan, da ƙafa guda a kabari amma tana miƙo hannu cikin rabon wani?

Washegari da hantsi aka ji salati ya tashi a gidan Kulu. Goggo Hawwa'u, tsohuwar da ke wankan gawa a unguwar, ta zo ta sa aka ɗora ruwa. Aka bi gida gida neman sabuwar ƙwarya. Masu ita sai tsohuwa mai ɗinki, sauran duk langa. Ba wadda ta yi ƙarfin halin buga ƙofar Kubura.

Ana cikin haka aka ji odar Landiroba a ƙofar gidan dagaci. Kubura ta goge ƙwaryar da man shanu har zanen ya fito baƙi wuluk, ta rufe ta da mayafi, ta fito. Hanya guda ce, dole ta bi ta ƙofar Kulu. Mata cike da zaure. Goggo Hawwa'u tana tsaye a bakin ƙofa, hannun rigarta a naɗe.

"Ruwa na hucewa, Kubura," ta ce.

Kubura ta wuce ta. Daga nan tana hango Sada zaune bisa kujera, masu saƙa da dukawa sun kewaye shi. Ta yi gaba kaɗan, ƙafar ta ƙi. Ta tuna ita da Kulu a gaban murhu guda suka koyi riƙon ƙarfe, tunanin ma ya ƙara mata haushi. Ta juyo, ta dangwara wa Goggo Hawwa'u ƙwaryar a ƙirji.

"Ungo. Ta ci da rai, ta ci da mutuwa."

Goggo Hawwa'u ta riƙe da hannu biyu. "Allah shi ba ki lada. Kin yahe mata?"

"Ƙwarya aka roƙe ni."

Ba ta koma gida ba, ba ta kuma je gidan dagaci ba. Ta shiga gidan Kulu ta zauna a gindin turmi, tana jin ruwa na zuba a bayan asabari. Maza suka ɗauki makara suka fita. Can Landiroba ta tashi, ƙararta ta yi ta raguwa a hanyar Kusada.

Goggo Hawwa'u ta fito da ƙwaryar, ta kife ta a ramin, ta taka da diddige. Ta soma tura ƙasa da ƙafa. Wani ɓari ya tsaya a gefe, zanensa na kallon sama, ruwa kwance a cikin layukan. Kubura ta tashi, ta karɓi aikin, ta yi ta zuba ƙasa da hannunta har wurin ya yi daidai da tsakar gida.