Hoton Yaya a Saƙon Talla

Yayata ba ta gani, amma wayarta na karanta mata duk abin da aka rubuta, da sauri kamar mai gwanjo. Hoto ne kawai ke gagarar wayar. In ba a rubuta masa bayani ba, sai wayar ta ce "hoto", ta ja bakinta.

Ni ce mai rubuta saƙonnin talla na imel a wani kamfanin kayan ɗaki. Tun da na kama aiki nake faɗa a kan abu ɗaya: a bar rubutu a rubutunsa, a ba kowane hoto bayani, a daina ɗora haruffa masu ruwan toka a kan fari. Kowane taro sai na tayar da maganar, har suka laƙaba min Lauya.

Wata safiya Manaja ya kira ni.

"Lauya, kin ci shari'a. Za mu yi talla mai taken 'Gidanmu na kowa ne'. Kawo yayarki, fuskarta za mu sa."

Da na kai mata maganar, Yaya ta taɓe baki.

"Auta, ni ba tulun fure ba ce da za a ajiye kusa da kujera."

Na yi ta lallashi har ta sauko, amma da sharaɗi. In saƙon ya zo, ita za ta karanta shi da kanta, ba mai karanta mata. Na dafa ƙirji na yi alkawari.

Aka ɗauke ta hoto a kan doguwar kujera, sandarta jingine da gwiwa. Na tsara saƙon, na gwada shi a wayarta, ya karantu tsaf. Abin da ban lissafa ba shi ne ɗabi'ar Manaja. Ba ya amincewa da saƙo sai an buga masa shi a takarda, ya ɗaga a gaban taga ya duba.

Ranar da za a tura, Yaya ta tara ƙawayenta na ƙungiyar makafi a falonmu. Wayar ta yi ƙara. Yaya ta ƙara murya, ta ɗora yatsa.

"Hoto," in ji wayar.

Ta ja yatsa ƙasa, ta dawo sama. Babu komai.

"To, an ce hoto," in ji wata ƙawarta mai ƙaton tabarau. "Allah dai ya sa kin yi kyau."

Suka yi dariya. Yaya ba ta yi ba.

Na fita tsakar gida na kira Manaja.

"Ranka ya daɗe, wa ya canza saƙon?"

"Ni ne. Naki ya fito a karkace a takarda. Na ce mai zane ya haɗe komai ya zama hoto guda, yadda muka saba."

"Ka san abin da hakan ke nufi. Na sha faɗa maka."

"Na sani. Amma mai sayen kujera da ido yake saya."

"Ita fa da ka sa fuskarta?"

"Ba kina nan ba? Karanta mata mana."

Na koma falo. Na durƙusa gaban Yaya, na fara cewa laifin ba nawa ba ne. Ta ɗaga hannu.

"Ban tambaye ki ba. Me aka rubuta a kaina?"

Na buɗe baki, sai ta girgiza kai.

"Bar shi. Nemo min inda ake cire suna, kada su sake turo min."

Ta lalubi allon sau da dama ba ta samu ba, don shi ma yana cikin hoton, can ƙasa, da 'yan ƙananan haruffa. Ta miƙo min wayar ba tare da ta juyo ba.

Ni na danna mata.