Tsohon Madugu da Jirgin Kara

Barmo taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Mutum ne gajere mai tumbi, da ƙafar hagu da raƙumi ya taɓa takawa, yana janta kamar aro ya yi. A samartakarsa ya bi ayari zuwa Bilma ɗauko gishiri, har ya fara riƙe gaba, sai babban farin nan ya zo ya share masa raƙuma tas. Tun daga nan ya zauna a Tanut, garinmu na ƙasar Damargu, yana tufkar igiya a bakin kasuwa, yana ba mutane labarin hamada ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Ni kuwa ƙosai nake toyawa a ƙofar gidan samariya, wato ƙungiyar samarin gari, kuma daga bakin kaskona na ga yawancin abin da zan faɗa muku.

A gidan samariyar ne gwamnati ta kafa mana talabijin, cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da wani faranti a kan soro yana shan rana yana cika batir. Sau ɗaya a mako, bayan magariba, akan sa wasan wasu Turawa masu yawo tsakanin taurari cikin jirgi mai kama da murfin tukunya. Faransanci suke yi, mu kuma yawancinmu ko ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba mu leƙa ba, amma wannan bai taɓa hana mutumin Damargu gane abu ba. Mun raɗa wa kowannensu suna. Shugabansu dai Barmo ne ya raɗa masa, tun ranar farko ya ce wannan Madugu ne, sunan kuma ya zauna.

Dattijo ne mai kaurin gira, hannayensa kullum a baya, yana ɗan ɗingishi. Ba ya ɗaga murya. In masifa ta taso, jirgi na girgiza, fitilu na walƙiya, shi sai ya sosa kunne ya dubi taurari, sannan ya faɗi kalma biyu kowa ya kama aikinsa. Ba ya cin abinci kafin mutanensa. In sun sauka wata duniya aka koro su, shi ne na ƙarshen shiga jirgi. Barmo ya yi ta rantsuwa cewa mutumin nan ya taɓa bin ayari. Mushe Barnaba, malamin lakwal, ya yi masa bayani cikin haƙuri cewa ɗan wasa ne, wani ne ke rubuta masa duk abin da zai yi. Barmo ya ce ya yarda, ana iya rubuta wa mutum ya sha ruwa, amma ba a rubuta masa yadda zai fara duban leɓen abokin tafiyarsa kafin ya kai ƙoƙo baki. Kada ku ɗauke mu ƙauyawa, duk mun san wasa ne. Barmo ma ya sani, son mutumin ne kawai ya kama shi, irin son da ban taɓa ganin ya yi wa wani mai rai a Tanut ba, har da ni da nake ba shi ƙosai kyauta.

To, a wajenmu bayan girbi ana yin wasan kara. Samari su haɗa motoci da bindigogi da huluna duk da karan gero, kowa ya kwaikwayi wani babba, wannan kumandan, wancan alƙali, wani likita. A zaga gari, a ƙare a fili gaban rumfar manya, kuma al'ada ce kumandan na gaske, mai mulkin gari, ya miƙe ya sara wa na kara, ya saurari abin da zai ce. Shekarar da talabijin ya zo, Barmo ya kawo shawarar a yi jirgin taurari. Aka ɗaura shi da kara, dogo kamar rumbu a kwance, samari a ciki suna ɗauke da shi a kafaɗa, ba sa ganin komai sai ƙafafunsu, Madugu a gaba yana leƙe ta taga yana faɗa musu inda za su taka. Barmo ya manna gashin akuya da ƙaro a girarsa, ya sa hannu a baya. Ɗingishin kuwa bai sha wahalar koyonsa ba. Da ya fito gaban rumfa ya sosa kunne, har matan kumandan sai da suka riƙe ciki. Daga ranar yara suka daina ce masa mai igiya, suka koma Madugu, shi kuma ya daina amsa gaisuwata sai na maimaita.

Haka aka yi shekara biyu. A damina ta uku talabijin ya lalace, aka kai shi Damagaram gyara, bai dawo ba sai da gero ya nuna. Ranar da aka kunna, gari ya taru. Ga jirgi, ga taurari, ga mutanen da muka sani duka. Ƙofa ta buɗe, suka miƙe suka kira sunan shugabansu kamar kullum, sai ga wani saurayi ya shigo, gashi na ƙyalli da mai, haƙora a waje, yana tafiya kamar ƙasa na ƙona shi. Ya zauna a kujerar Madugu ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Barmo ya jira har wasan ya ƙare, yana zaton tsohon zai shigo ya kama kunnen yaron. Bai shigo ba. Mushe Barnaba ya ce haka suke yi a can, in ɗan wasa ya tsufa ko ya gaji sai a sa wani a ci gaba da suna ɗaya, kuma ma wasan an daɗe da yin sa kafin ya iso mu, ba mamaki dattijon ya riga mu gidan gaskiya. Barmo ya tashi ya zo wajen kaskona. Na miƙa masa ƙosai ina shirin tsokana, sai ya riga ni magana.

"Balki, ko sallama ba su bar shi ya yi ba," ya ce. "Kuma cikinsu ba wanda ya waiwaya."

Mutane kuwa cikin makonni kaɗan suka saba. Ƴan mata ma cewa suka yi sabon ya fi, ya iya tsalle, ya iya naushi. Da lokacin wasan kara ya matso, Attahir sarkin samari ya tara jama'a ya yanke cewa bana ƙanensa Yahaya ne Madugu. Hujjarsa ba ta da aibi, dole in faɗi gaskiya: a wasan kara wanda ke kan kujera ake kwaikwaya, ba a taɓa yin kumandan da aka riga aka canja ba. Don kada Barmo ya tashi a banza, aka ba shi matsayin wata halitta ta cikin wasan talabijin, mai ƙaton kai, da ke bin jirgi tana gurnani, ya kifa ƙwarya a ka, ya yafa buhu. Kowa ya zuba ido ya ga rigima. Barmo ya sunkuyar da kai ya ce ya gode, Allah ya bar zumunci. Nan gabana ya faɗi, domin tun muna yara ban taɓa ganin ya yi ladabi haka ba face akwai abin da ya taka.

Aikin kula da jirgi dama nasa ne. Kowace shekara, ana gobe wasa, yakan jiƙa kashin awaki ya yayyafa wa karan, saboda ranar kasuwa ake yi, gari cike da dabbobi, kuma dabba ba ta kusantar abin da ke warin kashinta. Bana ma ya zo ya ari babbar tukunyata. Da la'asar na leƙa bayan gidan samariya, na same shi da tsintsiya yana ta yayyafi, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Na ja hanci, ban ji wari ba. Na tsoma yatsa a tukunyar na ɗanɗana, sai da idona ya yi ruwa. Kantun gishirin Bilma ne guda ya narkar a ciki, wanda ya ajiye tun ayarinsa na ƙarshe, yake nuna wa baƙi kamar lambar yabo.

"Bawana, me kake yi haka?" na ce, da irin kiran da taubasai ke yi wa juna.

"Uwargijiyata, kara nake jiƙawa kada ya karye," ya ce, ko kunya babu.

Na ɗauki gyalena na tafi. Ba a tambaye ni ba, kuma ni ba ƴar samariya ba ce.

Washegari da hantsi aka fito. Kasuwa ta cika, Abzinawa sun sauko da raƙuma daga wajen Tenhya, Fulani da awaki, mutanen Gangara da jakuna. Motocin kara suka wuce, sojojin kara suka wuce, sannan jirgi, Yahaya a taga ya shafe kansa da man gyaɗa yana yi wa ƴan mata murmushi, Barmo a baya cikin ƙwarya yana gurnani da gaskiyarsa. Hanyar fili ta bakin kasuwar dabbobi take bi. Wata akuya ce ta fara. Ta lasa, ta tsaya kamar mai tunani, ta yi kuka ɗaya, sai ga danginta. Kafin jirgi ya kai tsakiyar fili jakuna sun shigo, kuma wani tsohon raƙumi ya tsinke dabaibayi ya taho da sauran a bayansa, ya miƙa wuya ya yage rufin jirgin ya fara tauna cikin natsuwa.

Samarin ciki ba sa ganin komai, sai dai su ji ana jan su gabas ana jan su yamma, ga leɓuna na shigowa ta kowace kafa. Suka yi ta tambayar Yahaya ina za su taka. Yahaya ya ɗaga kai ya yi ido huɗu da raƙumi, wanda man gyaɗar ma bai ƙi ba. Ashe tsallen sabon Madugu da ya yi ta koya yana da rana. Ta taga ya fice, bai tsaya ba sai kan katangar gidan likitan dabbobi. Jirgi ya durƙushe da mutane a ciki, jama'a na ta dariya har da masu birgima, kumandan na share hawaye yana tambayar wa ya shirya wannan, domin bai taɓa ganin wasan kara mai kyansa ba.

Dariyar ta fara raguwa da aka ji kukan na ciki ya zama na gaske, don kofato ba ya wasa. Sai halittar nan ta ajiye ƙwaryarta ta yar da buhu. Ga gira ta gashin akuya, ga riga mai tsayin wuya irin ta tsohon. Barmo ya yi wani kira daga maƙogwaro, irin na masu ayari, raƙuman suka ɗaga kai, ya kama leɓen babban ya durƙusar da shi, ya sa masu dabbobi suka kore sauran. Sannan ya shiga abin da ya rage na jirgin ya riƙa fito da samari ɗaya bayan ɗaya, yana duba ƙafar kowa da kansa. Da ya tabbata ba saura, ya fito, ya mai da hannu baya, ya ja ƙafarsa zuwa rumfa. Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, mata suka ɗauka. Ni ban yi ba, gefen gyale na kai ido, kuma haushin kaina ya kama ni.

Kumandan ya miƙe ya sara, ya ce Madugu ya faɗi abin da ke ransa. Barmo ya sosa kunne.

"Ranka ya daɗe, in kun yi waya da Yamai babban birni, a ce su gaya wa na gaba da su, har ya kai ga tsohon, in yana da rai. A ce mutanen Damargu suna gaishe shi. A ce mun lura sabon nan ba shi ba ne."

Kumandan ya dube shi ya ga ba dariya yake nema ba, sai ya ce zai faɗa. Na san saƙon ba inda zai je, Barmo ma ya sani.

Attahir ne ya ratso taro da guntun kara a hannu, yana tofar da yawu. Ya lasa ya gane. A gaban kowa ya ce wannan ɓarna ce da gangan, an kusa karya ƴaƴan mutane, kuma muddin shi ne sarkin samari Barmo ba zai ƙara shiga wasan kara ba, ko a matsayin jaki. Gaskiyarsa ce, ba wanda ya musa. Na zaci bawan nawa zai yi gardama, don a kan abin da bai kai wannan ba ya sha tara mana jama'a.

"Na ji, kuma na karɓa," ya ce. "Dama sallama na zo yi."

Ya juya wajen samarin jirgi, suna tsaye a jere, kara a gashi, yawun raƙumi a riga. Ya bi su ɗaya ɗaya yana ba su hannu, yana kiran kowa da sunansa na cikin wasa, yana neman gafara yadda madugu ke yi in ayari ya iso gida za a rabu. Har wajen katanga ya je ya miƙa wa Yahaya hannu ya sauko da shi, ya gyara masa wuyan riga. Sannan ya ɓare girar ya sa a aljihu, ya bi ta cikin kasuwa ya koma rumfar igiyarsa.