Bangon Kicin ɗin Sista

"Riƙe nan. A'a, sauke hannunki kaɗan. Ke da kike tela ba ki san miƙaƙƙen layi ba?"

Na sauke katakon kaɗan. Sista ta ɗora ma'aunin magina a kansa, irin mai ruwa da kumfa a tsakiya, ta runtse ido ɗaya tana kallo har kumfar ta tsaya tsakanin layuka biyu. Sannan ta zaro fensir daga ɗankwalinta ta ja layi a bango, daga wurin wanke-wanke har bayan murhun gas.

"Yawwa. In layin farko ya karkace, duk sauran shi za su bi."

Sista maƙwabciyata ce. Bango ɗaya ya raba kicin ɗinta da ɗakin da nake ɗinki. Shekara talatin da biyar ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, shi ya sa kowa a layinmu Sista yake ce mata, har tsofaffin da suka girme ta. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta ɗaya, Auta, tana koyarwa a wani gari mai nisa, kuma kullum maganarta ɗaya ce a waya: Mama ki tattaro ki dawo wurina.

Bangon da take son rufewa da tayil bai fi taku huɗu ba. Man girki ya yi masa dabbare-dabbare, ruwan famfo ya cinye fentin ƙasansa. Sau uku ta kira wani magini, sau uku yana cewa gobe. A na huɗun ta kalli yadda ake yi a wayarta, ta tafi kasuwa ta dawo da kwali shida na farin tayil ƙanana, da buhun gam, da cokalin gini mai haƙora, da gudumar roba.

"Yaya, wannan ai aikin maza ne," na ce mata ranar. "Ki bari maigidana ya dawo daga tafiya ya nemo miki wani."

"Aikin maza? Na ɗinke kan mutum da aka sara da adda. Bango ne zai gagare ni?" Ta zauna a kan kujerar roba tana maida numfashi. "Duk rayuwata a ɗakuna masu tayil na yi ta. Jini ne, amai ne, da tsumma ɗaya kin goge. Sai na dawo gida in tarar da bangona kamar bayan tukunya. Ina so ko sau ɗaya in goge nawa ya fita."

Na lura da leɓunanta a lokacin. Sun yi wani irin duhu, kamar na wanda ya daɗe cikin ruwan sanyi. Ta ga ina kallonta, sai ta kama wuyan hannunta da yatsu biyu, ta dubi agogon bango, bakinta yana motsi. Da ta gama ta saki hannun.

"Lafiya dai?"

"Tsohon inji ne. Yana tsallake wani bugun." Ta yi murmushi. "Kada ki gaya wa Auta, ta zo ta naɗe ni kamar tabarma. Ke dai ga makullin gidana, ajiye. Muddin kina jin ƙwanƙwasa ta bango, ina nan lafiya. In kika ji shiru ya yi yawa da rana, to ki leƙo."

Daga ranar na saba da aikinta kamar yadda na saba da ƙarar kekena. Da misalin ƙarfe takwas zan ji tana dama gam a bokiti. Sai ƙarar cokali a bango, ƙurrr, tana shata layuka. Sai ɗan shiru. Sai gudumar roba, tub, tub, tub, sau uku ko huɗu, a hankali. Layi ɗaya take yi a rana, wani lokaci rabi. In na gaji da ɗinki sai in buga bangon sau biyu da gindin almakashi, ita ma ta bugo sau biyu, mu yi dariya kowa a nata ɗakin.

A rana ta biyar na kai mata siket ɗin da na rage mata. Duk tufafinta sun yi mata yawa a watannin nan. Na same ta tsaye gaban bangon, layi huɗu sun hau, 'yan robobin da ake sa wa tsakanin tayil suna tsattsaye a kowace kusurwa. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya da ƙashin yatsa tana saurare.

"Ji wannan," ta ce. Ta ƙwanƙwasa ɗaya, ya yi ƙara a cike. Ta ƙwanƙwasa na kusa da shi, sai ya amsa da wata murya daban, kamar akwai ɗaki a bayansa. "Iska ce a ciki. Haka muke buga ƙirjin mara lafiya, mu ji inda ruwa ya taru." Ta sa bakin cokali ta ɓamɓare shi.

Rana ta shigo ta taga ta faɗa kan tayil ɗin. Na ga fuskokinmu a ciki, a yanyanke, ido a wani murabba'i, baki a wani.

"Tun da suka fara sheƙi nake ganin mutane," ta ce, tana shafa gam a bayan tayil ɗin. "In na sunkuya sai in ga kamar wani ya tsaya a bayana, wurin ƙofa. Ba ya komai. Tsayuwa kawai, irin ta 'yan'uwan mara lafiya in suna jiran a ce su shigo."

"Kai Yaya, bar wannan magana."

"Ba tsoro nake ji ba. Jiya ma na ce masa ya yi haƙuri, saura layi uku."

Ta yi dariya, ni ma na yi, amma kafin in fita sai da na waiwaya na dubi ƙofar. Babu komai sai tawul ɗinta a rataye jikin ƙusa.

Ranar Laraba ina da kayan makaranta guda goma sha biyu da za a karɓa da yamma. Tun bakwai na hau keke. Na ji ta dama gam kamar kullum. Na ji cokali. Can na ji wani abu ya faɗi, kamar an ture kujera, sai na tsayar da keken na kasa kunne. Ban daɗe ba gudumar ta fara. Tub, tub, tub. Na ce a raina, to, lafiya take, na ci gaba da taka keke.

Sai daga baya na tuna abubuwan da kunnena ya ji amma hankalina bai ɗauka ba. Ban sake jin cokali ba. Ban ji ta buɗe famfo ba. Bugun kuma ba daga saman bango yake zuwa ba, inda layi na shida ya kamata ya kasance. Daga ƙasa yake, daidai ƙafafuna, kusa da inda nake taka keke. Kuma ba ya tsayawa a uku ko huɗu. Zai yi ta yi, ya huta, ya dawo.

Wajen sha ɗaya na miƙe don in sa wa dutsen guga wuta. Na buga bangon sau biyu da almakashi.

"Sannu da aiki, Yaya! Yau kam kin ɗauko da zafi!"

Bugun ya tsaya. Na jira amsarta, sau biyun nan da muka saba. Ba ta zo ba. Sai can ya ci gaba, a hankali fiye da da, tazara tsakanin kowane bugu ta ƙaru. Na ɗauka ta gaji ne.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna ya daina. Na san lokacin domin a daidai nan zaren ƙasan keken ya ƙare, na ɗaga kai na dubi agogo. Na gama wando biyu cikin shirun. Ina cikin na uku sai na tuna abin da ta ce in shiru ya yi yawa da rana. Na ajiye almakashi na ɗauki makullin.

Falonta yana nan tsaf. Rediyo a kashe. A kan teburin kicin ga kofin shayinta cike, ya yi fata a sama, ga ƙwayoyin maganin safe guda uku a kan faranti ba a taɓa ba. Kujerar roba ta kife. Sista tana kwance a ƙasa ta gefen hagu, fuskarta tana kallon bangon da ya raba mu, gudumar tana cikin hannunta. Idonta a buɗe. Na kira ta, na taɓa kumatunta, na janye hannuna da sauri. Na kama cokalin da ke tsaye cikin bokiti, ban san me ya sa ba, sai bokitin gaba ɗaya ya taso tare da shi. Gam ɗin ya zama dutse.

A ƙasan bangon, ƙasa da inda tayil ya fara, akwai baƙaƙen tabo zagaye-zagaye a kan tsohon fenti, irin wanda roba take bari. Na tsuguna ina kallonsu. Na kasa tuna ko suna nan tun ranar da muka kafa katako.

Mai shagon da ke tsallaken titi ne ya kawo mota muka kai ta asibitin da ta yi aiki. Likitan da ya duba ta ya san ta. Ya ce ita ta koya masa sa allurar ruwa lokacin yana sabon zuwa. Ya fito ya same ni a benci, ya zauna kusa da ni.

"Zuciya ce. Tun da safe. Da wuya in ta kai ƙarfe tara."

"Tara?"

"Jikin ya nuna. Kuma irin wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ko kina tsaye a kanta babu abin da za ki iya."

"Likita, ni fa har ƙarfe ɗaya ina jin tana buga bango."

Ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana kallon takardar da ke hannunsa, yana murza murfin biro.

"Gidaje masu bango ɗaya," ya ce daga ƙarshe, "ƙara tana iya zuwa daga ko'ina. Ki je ki huta, Hajiya."

Har yau ban san ko gaskiya ya gaya mini ba, ko tausayina ya ji. In tausayi ne, to Sista ta yi awa huɗu a ƙasa tana kirana, ni kuma ina yi mata sannu da aiki. In gaskiya ce, to ban san wa ya tsaya ya saurare ni ba lokacin da na buga da almakashi. Gidan da ke ɗaya gefen nata babu kowa a ciki tun bara.

Auta ta iso washegari. Kwana uku gidan yana cike da masu gaisuwa, yawancinsu tsofaffin ma'aikatan jinya da matan da ta karɓi haihuwarsu. Duk wadda ta shiga kicin ɗebo ruwa sai ta tsaya ta kalli bangon. Layi biyar cif, na shida ya tsaya a rabi, daga nan sai siminti tsirara da shatin haƙoran cokali a bushe.

A rana ta huɗu da hantsi mutane suka ragu. Na shiga na tarar da Auta tana tattara kofuna. Na karɓi soso na tsaya a wurin wanke-wanke, ita tana ɗauraya.

"Ban ma san tana wannan aikin ba," ta ce. "Kullum in na kira sai ta ce tana kwance tana hutawa." Ta juya kofi a hannunta. "Anti, ke da kike jin komai ta bango. Ranar, kin ji wani abu?"

Na riga na shirya abin da zan ce in ta tambaya. Zan ce keke yana ƙara, ban ji komai ba. Maigidana ma da na kira shi a waya haka ya ce in faɗa, kada in ƙara wa yarinya ciwo. Amma da na ɗaga kai sai na ga fuskarta a cikin tayil, kusa da tawa, ta kafe ni da ido irin na uwarta.

Na gaya mata duka. Faɗuwar kujera, da bugun, da inda yake fitowa, da abin da likita ya ce.

Ba ta yi kuka ba. Ta kashe famfo ta tsaya.

"Kin amsa mata?"

"Na buga sau biyu. Na yi mata magana."

"Me kika ce?"

"Na ce sannu da aiki."

"Sai me?"

"Sai aka yi shiru. Kamar ana saurare. Sannan aka ci gaba."

Auta ta sunkuya ta dubi baƙaƙen tabon da ke ƙasan bango. Ta kai yatsa kamar za ta taɓa, ta fasa. Ta daɗe a tsugune. Ina jiran ta zage ni, ko ta ce in fita, kuma da ta yi hakan da na ji sauƙi.

"Ta ji muryar mutum dai," ta ce, ba tare da ta dube ni ba. Ta miƙe ta sake buɗe famfo. "Miƙo wancan farantin, Anti."

Muka ci gaba da wanke-wanke. Ruwan ya yi ƙarfi, yana dukan faranti yana fantsama a bango. Inda akwai tayil sai ɗigon ya gangaro, ya tsallake tsaga, ya sauko har bakin wurin wanke-wanke. Inda babu, simintin ya shanye shi, wurin ya yi duhu kamar tafin hannu, sannan a hankali ya fara bushewa daga gefe.